Rigakafin Zubar Jini Bayan Haihuwa: Wane Magani, Kuma a Ina?

Ya kai maigida, ya ke uwargida, ku sani zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen hallaka masu jego a duniya. Da zarar jinin ya kai rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda, an shiga haɗari. Yawanci mahaifa ce ke kasa tsukewa bayan fitowar jariri. Shi ya sa ake ba kowace mai haihuwa magani cikin minti ɗaya da saukarta, ko da lafiyarta ƙalau.

Na farko shi ne allurar oksitosin, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so a yi amfani da ita. Sai dai tana buƙatar sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta kwana a rumfar kasuwar Jibiya ko ta Ƙonni cikin zafin bazara, ƙarfinta yana raguwa, ido kuma ba ya ganewa. Kada ku saye ta a hannun ɗan tebur.

Na biyu allurar kabetosin ce mai jure zafi, wadda Hukumar ta amince da ita a 2018, bayan gwaji a ƙasashe 10 har da Najeriya. Ba ta buƙatar firji, don haka ta dace da asibitin da ba shi da tsayayyar wuta, amma ba ko'ina ake samunta ba.

Na uku ƙwayar miso ce. Ita ce madogara idan haihuwa ta zo a gida ko a hanya, inda babu mai yin allura. Tana iya kawo rawar ɗari da zazzaɓi na ɗan lokaci. Ku kiyaye: ba a shanta sai jariri ya fito, an kuma tabbatar babu ɗan tagwaye a ciki. Shanta lokacin naƙuda na iya fasa mahaifa.

Na huɗu, allurar egometrin, tana da ƙarfi, amma ba a yi wa mai hawan jini. Idan kina da shi, ki faɗa wa ungozoma tun da wuri.

Saboda haka, tun a wajen awon ciki ki tambaya: wane magani kuke da shi, yaya kuke adana shi? Ki riƙe katin awonki ko da fatauci ya kai ki ƙetaren iyaka. Maigida kuma ya tanadi kuɗin mota da ɗan'uwa mai ba da jini.

Idan jini ya jiƙa zane ya ƙi tsayawa, ko jiri ya ɗebe ta, ku nufi asibiti mafi kusa nan take, ko a wace ƙasa yake. Akwai allurar tiraneksamik da ke ceton rai, amma sai an yi ta cikin awa 3 da haihuwa. Allah Ya sauke ku lafiya.