Tsaron Tukunyar Nukiliya Ta Zariya

Mu da ke zaune nan Tudun Wada, da yawa ba mu san cewa akwai tukunyar nukiliya kusa da mu ba. Tana wajen Samaru, a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Daga ƙasar Sin aka kawo ta, ta fara aiki a 2004. Ƙarama ce, ƙarfinta wajen kilowat 30, ba ta ba gari lantarki. Da ita masana ke auna abin da ke cikin ƙasar noma da duwatsu da abinci.

Abin da ta ke ci shi ne yuraniyam. Wanda ta zo da shi an tace shi har kashi 90 cikin 100, watau irin wanda a ke iya haɗa bom da shi, ko da ya ke wajen kilo ɗaya ne kawai. A 2018 aka cire shi, aka zuba mai kashi 13, aka mayar da tsohon ƙasar Sin cikin watan Disamba.

To, tsaron irin wannan wuri rabinsa aikin akawu ne. Ƙa'ida a ko'ina ita ce ba mai ƙetare ƙofa sai da takardar izini, a rubuta sunansa da lokacin shigarsa da fitarsa, kuma ba a barin mutum ɗaya shi kaɗai wajen kayan, kome girmansa. Wanda ya san baitulmalin En'e na da, ya san ma'aji ba ya fushi don an zo ƙidaya. Nan ma haka ne. Kowane giram na yuraniyam yana cikin littafi. Hukumar Kula da Nukiliya ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 2001, tana dubawa, kana masu bincike na Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya su zo daga Viyana su gwada littafi da kaya. Giram ɗaya in ya ɓata, ƙasa duka za ta amsa tambaya.

Ma'aikaci kuwa yana maƙala wata 'yar alama a rigarsa, wadda ke tara lissafin tururin da ya shiga jikinsa, tun da ya ke tururin ba ya ganuwa, ba ya wari. Lokaci lokaci a kan karɓa a karanta. Iyakar da aka yanka wa ma'aikaci ita ce milisibat 20 a shekara, bisa matsakaicin shekara biyar. Wanda ya bar tasa a aljihun tebur, littafinsa zai fito fes, amma jikinsa ya riga ya sha.