Idan kan sukurun motar wasan yara ya cinye

Duk mai sayar da kayan wasan yara ya san wannan: Sallah ta gabato, batirin mota ko 'yar tsana ya mutu, kan sukurun murfin kuma ya cinye, sukundireba sai zamewa take. Galibi babbar sukundireba ce ke jawo haka. Waɗannan ƙananan, lamba PH0 ko PH00 suke so.

Kada ka sa ƙarfi. Ɗauko robar ɗaure kuɗi mai faɗi, shimfiɗa ta a kan sukurun, danna sukundireba sosai, ka juya hagu a hankali. Robar ce za ta cike wurin da ya cinye. In kan ya ɗan fito waje, filaya ta isa. In ya nutse, ɗiga sufa gulu kaɗan a bakin tsohuwar sukundireba, ka manna, ka jira ya bushe. Kada dai ya taɓa murfin.

Bayan ya fita, nemi sabo wurin masu gyaran waya, kada ka liƙe murfin da salatif. Ƙaramin batir irin na agogo, in yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa 2. Sai asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.