Ɗalibanmu a Faransa: kada kuɗin gida su tafi a tikitin gidan tarihi

Jama'ar Ƙonni, Malbaza da Illela, duk mai ɗa ko ƙane da ke karatu a Faransa, ga saƙon da muke so ku isar masa. Katin Paris Museum Pass na kwana 2, 4 ko 6 ne a jere. Baƙo mai wucewa aka yi wa shi, ba mai shekara ba. Tun 2009, wanda bai kai shekara 26 ba, in yana da takardar zama, kyauta yake shiga gidajen tarihin gwamnati kamar Louvre da Quai Branly, inda kayan Afirka suke. Wanda ya kai 26 kuwa, ya jira Lahadin farkon wata, ran nan Quai Branly kyauta ne. Kuɗin guminku, a bar su ga haya da abinci.