Yadda "google" ta shiga ƙamus, kamfanin kuma bai ji daɗi ba

Ka taɓa jin mai Turanci ya ce "google it"? Yana nufin je ka nemo a intanet. A 2006 ƙamus ɗin Oxford da na Merriam-Webster suka shigar da kalmar a matsayin aikatau.

Masu ƙamus ba sa ƙirƙiro kalma. Suna tara rubuce-rubuce ne daga jaridu da littattafai da shafukan intanet, su duba ko kalmar ta yaɗu, ta daɗe a bakin mutane, ma'anarta kuma ta zauna. In ta cika waɗannan, sai su ba ta gurbi.

To amma kamfanin Google bai yi murna ba. A shekarar nan ya roƙi jama'a kada su ce "google" sai in da injinsa suka yi binciken. Dalili kuwa, a dokar Amurka idan sunan kaya ya zama na kowa, kamfani na iya rasa mallakarsa. Haka ta faru da "escalator", matattakalar lantarki, a 1950.

Mu ma mun san irin wannan: a bakinmu kowane garin sabulu omo ne, kowane dunƙulen miya kuma magi.