Rigar fata da rigimar suna: daga New York zuwa zangon Paraku

Da zarar hunturu ya kama, hanyar Jugu zuwa Paraku sai ta cika da baƙaƙen riguna. 'Yan zem, masu kai doya da gawayi kasuwa a kan babur, har da mu malaman lakwal masu sammako daga Pelebina, kowa ya ƙudundune cikin rigar fata, wadda muka fi sani da buluzon. Kusan duk ɗinki ɗaya ne: zif a karkace, faffaɗar kwala, aljihuna uku ko huɗu, wata da ɗamara a ƙugu. Ka juya wuyan rigar, ka ga an rubuta Italiya ko Amurka. Kafin hunturun baɗi da yawansu sun fara saɓa kamar maciji, don tun farko ba fata ba ce, roba ce aka shafa a kan yadi.

Wannan ɗinki yana da asali. A 1913 wasu 'yan'uwa biyu, Irving da Jack Schott, suka buɗe shagon ɗinka rigunan ruwa a New York. A 1928 Irving ya fito da rigar fata ta masu babur, ya raɗa mata suna Perfecto, sunan wata sigari da yake so, aka fara sayar da ita dala biyar da rabi ta Amurka a shagon wani dillalin baburan Harley-Davidson. Karkata zif ɗin ba ado ba ne. Yana sa gaban rigar ya zama ninki biyu a ƙirji, iska ba ta samun hanyar shiga, kuma in mutum ya sunkuya a kan babur ba ya tokare shi. Duk wanda ya taɓa tuƙi da asuba a watan Janairu ya san amfanin wannan.

Da Marlon Brando ya sa irin wannan riga a fim ɗin The Wild One a 1953, sai kasuwa ta buɗe, kowane kamfani ya shiga ɗinka tasa. Abin dariya, har yau masu tara tsofaffin riguna na gardama: ta Schott ce Brando ya sa, ko ta wani kamfani mai suna Durable? Ka ga ke nan tun a lokacin an kwaikwayi juna har ido ba ya rarrabewa. A Faransanci ma yanzu duk riga mai wannan fasali "perfecto" ake ce mata, ko wa ya ɗinka ta. Schott ba su iya hana kowa karkata zif ba. Abin da suka riƙe gam shi ne sunan da ke wuyan rigar, kuma da shi suke cin kasuwa har gobe.

Irin wannan rigima ta faru a zango a Paraku, kuma na san mutanen biyu. Wani dattijon baduku ne, wanda ya gaji yin gafaka, kube da kayan doki na hawan Gani. Da ya ga kasuwar buluzon, ya sayi tsohuwa a gwanjo, ya warware ta ɗinki-ɗinki, ya shimfiɗa a kan kwali ya fitar da ma'auni. Ya rinƙa ɗinkawa da fatar akuya jemammiya, ya ƙara wani siririn layi na jar fata a bakin aljihu. Ba ya yin da yawa, amma wanda ya saya ba ya kuka.

Yaron da ya koya a hannunsa shekara da shekaru ya buɗe nasa shago, ya ɗauki fasalin nan har da jan layin. Sai dai shi gaba da baya kawai yake yi da fata, hannuwa kuma da ta roba, ya sayar rabin kuɗi. In mai saye ya ce, "Irin ta Baba ce?" sai ya ce, "Ai hannu ɗaya ne." Ranar da wata ta ɓare, wurin dattijon aka mayar da ita, a gaban jama'a, ana ce masa ya ci amana.

Da aka zauna sulhu, dattijo ya ce an sace masa zane. Yaron ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, ku ma fa a gwanjo kuka gano shi." Nan wuri ya yi tsit, don gaskiya ya faɗa. Ni dai a ganina ƙarar dattijon ce ba ta hau daidai ba. Sana'ar hannu duk da kwaikwayo ake koyonta, haka shi ma ya koya wurin mahaifinsa. Laifin yaron biyu ne, kuma ba zane a ciki: ya haɗa fata da roba bai faɗa ba, wannan algus ne ko a wace kasuwa, sannan ya bar mutane suna zaton aikin maigidansa ne. Ya ci riba da sunan da wani ya shekara talatin yana ginawa, asara kuma ta koma kan mai sunan. Daga ƙarshe aka ce kowa ya sa maƙeri ya yi masa hatimi, ya rinƙa bugawa a cikin wuyan riga, yaron kuma ya daina jan layin. Har yanzu gaisuwarsu sama-sama ce.

Abin da ya fi damuna shi ne, mu Hausawa an taɓa yi mana irin wannan, kuma babba. A aji ina koya wa yara kalmar "maroquinerie", wadda suke gani a allon masu sayar da jaka da takalmi. Daga sunan Maroko ta fito. Gaskiya ne a Fas ana jima tun da daɗewa, amma kaso mai yawa na fatar da Turawa suka sani da fatar Maroko, ta jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce. Majeman Kano da Sakkwato ne suka jeme ta da bagaruwa, suka rina da karan dafi, ayari ya ƙetara Sahara da ita. Wanda ya miƙa wa Bature ita a bakin teku, sunansa ya bi ta. Kakanninmu fatake da suka rinƙa yada zango a Jugu a hanyar Gwanja, da kayan fata cikin kayansu, su ma ba su bar tambarin kowa a jikin ko da takalmi ɗaya ba. A lokacin ba a bukata, don mai saye ya san fuskar mai sayarwa. Yau kuwa hoto ake turawa ta WhatsApp, riga ta tafi Kwatano a mota.

Tambarin gaskiya yana da wani amfani a gare mu. Cikin rigunan gwanjo akwai na fatar alade, ko waɗanda aka yi wa shafi da ita daga ciki. Ana gane ta da ƙananan ramukan gashi da ke zaune uku-uku. Wanda zai yi salla da rigarsa, gara ya duba kafin ya biya.

Hanyar rajista kuma tana nan. Benin da Nijar duk suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ke aiki da yarjejeniyar Bangi ta 1977, kuma rajista ɗaya tana kare tambari a ƙasashe 17 har shekara goma, ana kuma sabuntawa. Ta nan aka kare sunan abarbar Alada a nan ƙasar, Nijar kuma ta kare kilishinta da albasar Galmi. Kuɗin zai yi wa baduku ɗaya nauyi, amma dokar ta yarda ƙungiya ta yi tambari na tarayya, dukawan gari su haɗu a ƙarƙashinsa, su yarda da irin fatar da za a buga wa shi. Sai dai Najeriya ba ta cikin OAPI. Wanda ke kai kaya Kano ko Sakkwato, sai ya sake wata rajistar a can.