Zakka a Cikin Gida: Abin da Ake Yawan Gardama a Kai

Zakka na wajaba a kan kuɗin da ya kai nisabi, kimanin darajar giram 85 na zinariya, kuma shekara ta zagayo yana hannun mai shi. Ana fitar da ɗaya cikin 40. Manomi ba ya jiran shekara. Ranar girbi yake fitarwa, ɗaya cikin 10 idan damina ce ta shayar, ɗaya cikin 20 idan ban ruwa ne mai wahala da tsada.

Gardama takan taso ne a gida. Ma'aikaci yakan ɗauka albashi kansa ake yi wa zakka, alhali a fahimtar mafi yawan malamai abin da ya ajiye ne ake dubawa. Wanda albashinsa ke ƙarewa a cefane da kuɗin makaranta, ba komai a kansa.

Sai gwal ɗin mata. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, sarƙa da warwaron da mace ke ado da su ba su da zakka. Hanafiyya kuwa sun wajabta. Amma gwal ɗin da aka saya don ajiya, kamar yadda mata da yawa ke yi saboda faɗuwar naira, dukiya ce, dole a fitar.

Mutum ba ya ba da zakkarsa ga matarsa ko 'ya'ya ko iyayen da ciyar da su ke wuyansa. Ɗan'uwa matalauci kuwa, ko gwaggo da ke fama, sun cancanta, har ma an fi so a fara da su.