Ƙaruwar Jama'ar Duniya: Mafarinta da Inda Nauyinta Yake Sauka

A ranar 15 ga Nuwamba 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa mutanen duniya sun kai biliyan 8. Sai wajen shekara ta 1804 'yan Adam suka cika biliyan 1, ba su kuma kai biliyan 2 ba sai a 1927. Amma daga biliyan 7 a 2011 zuwa biliyan 8, shekara 11 kaɗai aka yi.

Mutane da yawa suna zaton haihuwa ce ta ƙaru, alhali mutuwa ce ta ragu. A zamanin dā kusan rabin yaran da aka haifa ba sa kaiwa balaga. Rigakafi, da ruwa mai tsabta, da magunguna suka sāke wannan, har aka kawar da cutar agana daga duniya a 1980. Ita haihuwar raguwa ma take yi. A wajen 1950 mace takan haifi 'ya'ya 5 bisa matsakaicin lissafi, yanzu kuwa 2 da ɗan wani abu. Kada mai wa'azi ya yi maganar wannan ƙaruwa kamar annoba, gama asalinta yara ne da suka rayu.

In haihuwa tana raguwa, me ya sa jama'a suke ta ƙaruwa? Domin iyayen gobe an riga an haife su. A Nijar kusan rabin jama'a ba su wuce shekara 15 ba. Ko kowace yarinya a cikinsu ta haifi rabin abin da uwarta ta haifa, ƙasar za ta ci gaba da cika har shekaru da dama. Hasashen Majalisar na 2024 ya nuna duniya za ta kai wajen biliyan 10.3 bayan 2080, sa'an nan ta fara raguwa. Wasu ƙasashe sun riga sun juya. Yawan mutanen Sin ya fara raguwa a 2022, Japan da Koriya ta Kudu kuwa damuwarsu tsofaffi ne da ƙarancin masu kula da su. Yawancin ƙaruwar da ta rage a Afirka kudu da Sahara za ta faru.

Tsoron yunwa tsohon abu ne. Thomas Malthus, wanda shi ma limamin ikkilisiyar Ingila ne, ya rubuta a 1798 cewa jama'a za su riƙa ƙaruwa fiye da abinci. Takin zamani da ingantaccen iri suka sa amfanin gona ya ninka fiye da yadda ya zata. Amma ƙasa ta biya farashi. An sare dazuzzuka, noma kuma yana shanye kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba daga koguna da rijiyoyi.

A wurinmu nauyin a fili yake. Ƙidayar 2006 ta ce Nijeriya tana da mutum miliyan 140, yau sun haura miliyan 200. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki goma ne suke rabonta. Ba a barin saura ta huta, ana shiga burtali da noma, itatuwa suna komawa gawayi. Rikicin manoma da makiyaya yana da dalilai da yawa, amma ƙarancin fili da ruwa yana cikinsu.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ɗora wa matalauta masu yawan 'ya'ya laifin ɗumamar yanayi. Iskar kabon da mutum ɗaya a Amurka yake jawo fitarta a shekara ta ninka ta ɗan Nijeriya fiye da sau 10. Yawan mutane abin dubawa ne, haka ma yawan abin da kowa yake ci. Tilas kuma ba mafita ba ce. Dokar ɗa ɗaya ta Sin, wadda aka soke a ƙarshen 2015, ta jawo zubar da ciki na dole, ta bar maza sun fi mata yawa.

Ma'aurata za su zo muku da Farawa 1:28 suna tambaya. Ku karanta ta tare da Farawa 2:15, inda aka danƙa wa mutum lura da gonar, da 1 Timoti 5:8 a kan ɗaukar nauyin iyali. Ikkilisiyoyi sun sha bamban a kan hanyoyin tsara iyali, sai kowa ya san matsayin ɗarikarsa. Amma abubuwan da suka fi rage haihuwa ba tare da tilas ba, babu gardama a kansu: yara su daina mutuwa, 'yan mata su gama sakandare, uwa ta sami hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Iyayenmu sun san wannan tun dā, shi ya sa suke shayarwa kusan shekara biyu, suna kuma gudun kwanika.